Na Kira Gayyar Ƙuri'a Ranar Ruwan Shuka

Assalamu alaikum Edita, tare da masu karatu. Na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan shafi ina kaɗa kai ina cewa Allah sarki, ashe nawa ma ya isa a kaɗa masa kai har wuya ya yi ciwo. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba, duk da na san 'yan garinmu ba sa buƙatar suna kafin su gane ni.

A shekarun da nake ba ku labari, in ka shigo yankinmu na arewacin Kano ka ce a nuna maka wanda ya fi kowa jama'a, ba gidan dagaci za a kai ka ba, ƙofar gidana za a sauke ka. Ni ne mai kiran gayya. In ciyawa ta fi ƙarfin mutum a gonarsa, wurina yake zuwa, ni kuma in tsaya a bakin masallaci bayan sallar asuba in ce jibi gonar wane. To, jibin nan ko zakara ka nema a gari ba za ka samu ba, shi ma ya bi mu. Gaskiya ban cika sunkuyawa ba, ni noma na da baki nake yi. Fartanya a kafaɗa, ina bin kunya-kunya, in tsokani wannan, in yi wa wancan kirari, in ce wa rago ya yi a hankali kada ya tashi ciyawa daga barci. Mutane na dariya, aiki na tafiya, kafin azahar gona ta yi fes, a zauna a sha furar mai gona a watse. Har nakan ce in na yi tari a garinmu sai an yi min sannu daga Minjibir. Na faɗa na kuma faɗa, har ni ma na yarda.

Sai shekarun nan masu wuya suka shigo. Buhun taki ya zama abin da ake zuwa kallo a kasuwar Ɗanbatta, a shafa shi a dawo gida. Kuɗin mota ya sa zumunci ya koma na waya. A shekarar da abin ya faru, tun kafin bazara ta raba tsakiya rumbunan gari suka koma ɗakin kwanan ɓeraye, su ma ɓerayen ramewa suke. Ga damina ta yi jinkiri. Kowa ya yi sharar gona, ya kai ɗan takin gida da ya samu, an zauna ana kallon gabas kamar ana jiran baƙo.

A gidana abu ɗaya ne ya rage mai suna hatsi, shi ne iri. Gero ne na gado, tun na mahaifina, mai saurin nuna, wanda yake fitar da mu daga yunwa tun na wasu bai fara bunni ba. Ranar girbi nake bi in zaɓi manyan zangarniyoyi, a ɗaure su, a rataye a ɗakin girki inda hayaƙi ke korar ƙwari. Maiɗakina ce mai gadinsu. Ranar da yara suka kwana da ruwan ƙanzo ma ba ta ɗaga kai ta kalli dammunan nan da idon abinci ba. Takan ce wannan ba namu ba ne, na shekara mai zuwa ne, ajiya aka ba mu.

Ana cikin haka Allah ya yi wa ɗan majalisarmu na jiha rasuwa, Allah ya ji ƙansa, aka ce za a yi zaɓen cike gurbi. Wanda bai taɓa ganin irin wannan zaɓe ba bai san siyasa ba. A babban zaɓe manya suna warwatse ko'ina, amma a wannan, duk jihar babu inda ake zaɓe sai mazaɓarmu, don haka kowa ya tattaro ya faɗo mana. Motocin da ba mu taɓa gani ba sai a kalanda suka riƙa kafewa a yashin bayan gari, mu ne masu turawa. 'Yan takara uku ne suka fi motsi. Akwai na jam'iyya mai mulki, akwai na babbar jam'iyyar adawa, sai wani na uku da aka hana tikiti a jam'iyya mai mulki, ya yi fushi ya je ya ari tutar wata 'yar ƙaramar jam'iyya da ba ta da ko ofis. Alamarta ma sai da muka yini muna gardama a majalisarmu ta hira, wasu na cewa tulu ne, wasu na cewa ƙwarya ce a kife.

Nan take kowa ya zama mai jama'a. Sarkin fawa ya ce ƙuri'un mahauta na aljihunsa, ya karɓi hular jam'iyya mai mulki da safe, ya karɓi ta 'yan adawa da yamma, kowacce ya sa ta daidai lokacin da masu ita za su wuce. Shugaban 'yan acaɓa ya ce ko kuda bai isa ya kaɗa ƙuri'a a tasha ba sai da izininsa. Akwai kuma wata Hajiya mai riƙe da adashen matan gari, ita ba ta cika baki, amma na lura motocin manyan jam'iyyun nan biyu a ƙofar gidanta suke daɗewa, ana shiga da katan-katan na sabulu da taliya. Ni kuwa, mai gayya guda, babu wanda ya leƙo ni. Abin ya ci min rai har na fara cewa a majalisa 'yan siyasar zamani ba su san inda ƙuri'a take kwana ba.

Maganar ta kai kunnen na ukun nan, mai fushi. Wata rana da hantsi sai ga shi har ƙofar gidana, ya cire takalmi ya zauna a tabarmata, ya riƙe hannuna da hannu biyu ya kira ni Jagora. Tun da aka haife ni ba a taɓa kirana da sunan da ya shige ni haka ba, har wani sanyi na ji a ƙeya. Ya ce ya ji labarin manoman yankin nan a tafin hannuna suke. Na ce masa Honorabul, ba manoman kaɗai ba, har jakunansu, in da za a ba jaki kati. Ya yi dariya har da dukan cinya, ya ce in Allah ya ba shi nasara ni ne mai ba shi shawara kan harkar noma, da ofishina, da fanka a sama, kuma taki sai na ce ya isa. Ni kuma, don in nuna masa bai yi zaɓen banza ba, sai na fito da dabarar da na ɗauka babu wanda ya taɓa tunaninta tun da aka fara siyasa. Na ce gayya zan kira. Gayya ba a ƙin ta, kuma wanda ya sha furar gayya bai isa ya tafi bai yi aikin da aka kira shi ba. Bambancin kawai, maimakon fartanya, babban yatsa za a kawo. Honorabul ya miƙe tsaye ya rungume ni, ya ce kafin Laraba zai aiko da gero da duk abin da fura ke bukata.

Washegari na tsaya a bakin masallaci na sanar. Na ce ranar Asabar, ranar zaɓe, gayya ce a gindin darbejiyar da ke kusa da firamare, fura sai an ture, kowa ya zo da katinsa. Mutane suka amsa da an gama, Jagora, don sunan ya riga ya bazu. Mutum ɗaya ne bai amsa ba, wani dattijo maƙwabcina a gona, aminin mahaifina ne, Baba nake ce masa. Ya ja ni gefe ya tambaye ni ko a ina na taɓa jin an kira gayya shuka ba ta fito ba. Ya ce gayya ta noma ce da huɗa, lokacin da mutum zai iya barin tasa gonar yini guda ya je ta wani. Ya ce yanzu kowa kunnensa na sama, in ruwa ya sauka ko uwar mutum ce ta kira shi sai ya gama shuka zai amsa. Na kalli sama, ga ta a wanke tas kamar farantin amarya, na ce Baba, ruwan da ya ƙi zuwa duk tsawon wannan lokaci ai ba zai rasa ranar zuwa ba sai Asabar ɗina. Ya ce to, Allah ya ba da sa'a, ya kama sandarsa.

Laraba ta zo, gero bai zo ba. Alhamis na kira Honorabul, ya ce motar na hanya. Da azahar ya ce ta lalace. Da la'asar ya ce 'yan jam'iyya mai mulki ne suka sa aka tare ta, makirci ne, amma in yi dabara, Jagora ai ba ya rasa dabara, duk abin da na kashe za a mayar min har da ƙari. Daga nan wayarsa ta daina shiga. Masu karatu, sai mutumin karkara zai gane halin da na shiga. Mai gona zai iya kiran gayya ya ba da fura mai ruwa-ruwa a yi masa dariya a wuce. Amma a kira gayya a tarar da ƙwarya a bushe, wannan har jikokinka sai an goranta musu. Na zaga gidajen da nake ganin da hali, kowa ya nuna min rumbunsa a buɗe. Na dawo gida na shiga ɗakin girki neman ruwan sha, na ɗaga kai, muka haɗa ido da dammunan irin nan.

Ranar Juma'a da sassafe maiɗakina ta tafi suna ƙauyensu. Tana ɓacewa na taka turmi na sauke irin gaba ɗaya, na cusa a buhu, na bi ta bayan gari kamar ɓarawon akuya har gidan wata mai fura a ƙarshen unguwa. Matar ta zaro zangarniya ɗaya ta juya ta, ta dube ni, ta ce Malam, wannan ai iri ne. Na ce mata tsohon yayi ne, Honorabul zai kawo mana na zamani a tirela, wanda ake shukawa yau a ci tuwonsa wani sati. Ta ce Allah ya kyauta, ta kira 'yan uwanta aka fara sussuka. Ina tsaye ina jin taɓarya na sauka, kowane duka kamar a ƙirjina, amma sai na tuna fankar ofis, na ji iska ta ɗan kaɗa ni.

Da aka idar da sallar Juma'a, liman ya ce a tsaya a roƙi Allah ruwa. Ni fa duk taron da ake ɗaga murya ba a bari na a baya. Ina sahun gaba, amin ɗina ta fi ta kowa ƙarfi, har wani tsoho na gefena ya matsa. Wallahi ban tuna da furar da ake dakawa ba sai da la'asar, da na ga gabas ta haɗe ta yi baƙi ƙirin. Iska ta taso, aka ji ƙamshin nan na ƙasa, sai ruwa kamar ana juye tuluna. Yara suka fito tsirara suna tsalle, mata na tara tukwane a bakin indararo, maza suna ta hamdala a zaure. Da ya ɗauke kowa ya ɗauki fartanya ya sari ƙasa ya ga inda laima ta kai, aka ce alhamdu lillahi, ya kai shuka har ya yi yawa. Duk garin nan mutum ɗaya ne ya tsaya a zaurensa kamar wanda aka yi wa rasuwa, shi ne wanda amin ɗinsa ta fi ta kowa.

Gab da magariba maiɗakina ta dawo a jiƙe sharkaf, tana dariya, ko mayafi ba ta cire ba ta wuce ɗakin girki don ta sauke iri a sussuke kafin safe. Ina zaure ina saurare. Na ji ta ja turmi, sai na ji shiru. Na sha jin faɗan matar nan, amma ban taɓa jin abin tsoro irin wannan shirun ba. Ta fito ta tambaye ni, da murya ƙasa-ƙasa, ina ajiyar da aka ba mu. Sai na ɓige da yi mata kamfen. Na yi mata bayanin tirela, da taki, da ofis, da yadda za a riƙa kiranta matar mai ba da shawara. Ta bari na gama tsaf, sannan ta ce to, gobe in ɗauki fostocin Honorabul da na jibge a ƙarƙashin gado in je in shuka su, tun da su kaɗai suka rage a gidan, in sun fito ta san yadda za ta tuƙa su.

Asabar da sassafe aka jera manyan tukwanen fura a gindin darbejiya, an dama da nono, ludaya a jere. Na sa babbar rigata, na rataya katin ejan, wato wakilin ɗan takara, a wuya, na tsaya. Ma'aikatan zaɓe suka iso, samari da 'yan mata masu ladabi, suka kafa teburinsu a firamare suka zauna. Na duba gabas, na duba yamma. A wajenmu gona tana jikin gona, tun daga bayan katangar gida har inda ido ya ƙare, kuma duk inda na duba mutane ne. Sungumi na tashi yana sauka, mai sara a gaba, masu zuba iri a baya suna rufewa da diddige. Duk jama'ata suna nan, ina ganinsu ɗaya bayan ɗaya, har ina gane kowa da tafiyarsa, amma babu wanda fuskarsa ke kallon firamare. 'Yan acaɓa ma, da yake an hana zirga-zirga, kowa ya jingine babur ya ɗauki sungumin ubansa.

Sai ga mata. Hajiya mai adashe a gaba, su kuma a bayanta layi guda, hijabai kala-kala, da goyo da na hannu, kowacce da katinta a ƙulle a bakin zani. A nan na gane abin da manyan jam'iyyun nan suka gane tun tuni. Matan aure a wajenmu ba sa zuwa gona, don haka ko ruwa ya sauka ko bai sauka ba, ƙuri'arsu na nan a gida tana jira. Su sun lissafa da damina, ni manomi ban lissafa da ita ba. Maiɗakina na tsakiyar layin. Ta wuce ta gaban tukwanen furar, ta kalle su, ba ta kalle ni ba. Sarkin fawa shi ma ya zo da 'yan gidansa, an ce ya raba su biyu, rabi nan rabi can, don duk wanda ya ci ya samu bakin zuwa murna. Ranar bai sa hula ba sam.

Da na ga rana na ɗagawa, sai na tattare babbar riga na shiga gonaki. Na fara da kirari, na koma tsokana, na ƙare da magiya. Wani ya ce min Jagora, gobe war haka ƙasar nan ta sha iska, in na bar ta Honorabul ne zai ciyar min da yara? Wani ya ce in ce wa masu zaɓen su ɗaga zuwa Talata, ai ni babba ne, za su ji maganata. Wani kuwa ina cikin yi masa bayanin alamar jam'iyya sai ya miƙo min ƙwaryar iri ya ce tun da na zo in bi bayansa, ɗansa ba shi da lafiya. Wallahi ban san lokacin da na karɓa ba. Sai ga ni da katin ejan a wuya, babbar riga na jan laka, ina zuba gero a gonar wani ina rufewa da diddige, tawa gonar tana can gefe ko sawun kaza babu. Wanda ya fi ƙona min rai shi ne wanda ya ɗago ya tambaye ni, tsakaninsa da Allah, wai ni har na gama tawa shukar ne.

Da rana ta take, ina zaune a gindin darbejiya na haɗa kai da gwiwa, sai na hango su. Daga kowace kusurwa, sungumi a kafaɗa, laka har gwiwa, suna nufo ni. Na miƙe na fara kirari da iya muryata, ina cewa ga mazajen fama, ga masu juya gwamnati, har ma'aikatan zaɓe suka gyara zama. Suka iso suka yi sallama, suka zauna, suka ɗauki ludaya. Ban taɓa ganin an sha fura irin ta ranar ba. Mutanen da suka fita tun asuba ciki ba komai, a shekarar da ba komai. Sun sha har suka riƙa karkata tukunya ana kankare gindinta. Wani tsoho ya lashe ludayi ya ce rabonsa da furar gero mai daɗin wannan tun mahaifina na da rai. Na ce a raina ai dole.

Da suka gama na nuna musu firamare. Sai aka fara miƙewa ana karkaɗe wando. Wannan ya ce katinsa na gida, yanzu zai dawo. Wancan ya leƙa ya ga tsawon layin mata ya ce kafin a zo kansa ya gama kunya nawa. 'Yan kaɗan suka daure suka je, aka ce su wanke hannu don yatsun duk laka ne, suka ce bari su nemo ruwa, neman ruwan da har yau ba su dawo ba. Na tuna musu cewa wanda ya sha furar gayya ba ya tafiya bai yi aiki ba. Suka ce haka ne, kuma in Allah ya kai mu lokacin noma duk gonar da na nuna za su nome ta. Suka yi min addu'a mai tsawo, Allah ya ƙara arziki, Allah ya ba Honorabul sa'a, suka ɗauki sungumi. Na sake bin su gona-gona ina roƙo, ban dawo ba sai da na ga an kife akwati a tebur ana ƙirga. Na shafa aljihu, ga katina a ciki. Ni kaina ban kaɗa ba.

Jam'iyya mai mulki ta lashe akwatinmu, 'yan adawa na bin ta a baya ba da nisa ba, duk da ƙuri'un mata. Namu kuwa, da aka ɗaga su a hannu ɗaya, sai da mai ƙirga ya duba ƙarƙashin tebur ko wasu sun faɗi. Ƙuri'un da suka lalace ma sun fi namu yawa. A sauran ƙauyuka labarin kusan ɗaya ne, don ruwan bai tsaya a garinmu ba. Ba a daɗe ba aka nuna min hoton Honorabul a waya, yana riƙe da hannun wanda ya ci, yana dariya har kunne, ya koma tsohuwar jam'iyyarsa. Na kuma ji shi da kunnena a rediyo yana cewa wasu mayaudara ne a karkara suka yi masa ƙaryar jama'a. Maiɗakina ta ƙara murya don kada wani abu ya wuce ni.

Dariyar ta tsaya a nan, don kafin sati ya zagayo gari ya yi kore shar, gonata kaɗai ce ja a tsakiya, kamar sanƙo. Daga titi ana ganinta. Har kwatance aka riƙa yi da ita, a ce in ka wuce gonar Jagora ka sha kwana. Na bi gida-gida neman iri, kowa ya zuba nasa a ƙasa. Na kasuwa kuma ba ka san asalinsa ba, ga shi ya fi ƙarfina. Abin da ya fi damuna ba yunwar ba ce kaɗai, tunanin cewa geron mahaifina ya ƙare a hannuna, a cikin ludayi. A ƙarshe na kashe kunya na je wurin Baba, wanda na yi wa dariya. Ya shiga ɗaki ya fito da ɗan ƙunshi a tsumma, ragowar da ya ajiye don inda shuka ba ta fito ba. Ya ce asalinsa na mahaifina ne, shi ya ba shi tun suna samari. Bai fi ya rufe kusurwa ɗaya ta gonata ba, kuma sai da na jira ruwa na biyu, wanda shi ma ya ja rai. Sauran gonar wake na watsa daga baya. Shekarar nan akuyar maiɗakina ta tafi kasuwa ba ta dawo ba, ƙuli-ƙulin da maiɗakin nawa ke yi ne ya riƙe gidan, ni kuma na yi rani a Kano ina ɗaukar bulo a ka, inda babu wanda ke biyan mai ban dariya. Amma kusurwar nan ta yi, kuma ko zangarniya ɗaya ba mu ci ba. Zangarniyoyin suna rataye, sai dai yanzu ɗakin girkin da kwaɗo, kuma ba a nuna min inda mukulli yake ba.

Abin da na koya, 'yan uwa, mutane su yi dariyar maganarka daban, su bar gonarsu saboda kai daban. Duk wanda ya ce muku ƙuri'un wasu na aljihunsa, ku ce ya zazzage aljihun ku gani. Ni na zazzage nawa, katina kaɗai na samu, shi ma ban yi amfani da shi ba. Ina jan kunnen masu baki irina, ɗan siyasa in ya zauna a tabarmarka ya raɗa maka sabon suna, ka karɓi sunan, ka ba shi ruwa ya sha, ka raka shi mota, amma kada ka taɓa abin da iyalinka suka kwana da yunwa suna gadi. Shi in ya faɗi, jam'iyya zai sauya kafin sati. Kai in ka faɗi, babu wata daminar da za ka koma.

Sai dai hali ba ya barin mai shi. Bayan girbi, da ciki ya ɗan ɗauka, muna zaune da Baba a bakin gonarsa yana ɗaure dami, sai bakina ya dawo. Na ce masa Baba, a faɗi gaskiya, duk da abin da ya faru, ranar nan babu jam'iyyar da ta tara maza irin waɗanda na tara a gindin darbejiya, kira ɗaya na yi gari ya taso. Bai ɗago ba, ya ja igiya ya taka damin da ƙafa, sannan ya ce, "Ɗan nan, a yunwar da ake ciki ranar, ko jaki ne ya ɗauko furar nan da mun bi shi."